Jitar Velaphi a Bangon Lauya

Velaphi Zungu bai taɓa zama mutumin da za a nuna da yatsa a ce ga wane ba. Shekara talatin da ɗaya yana dakon buhunan sukari a tashar jiragen ruwa ta Durban, har bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Abin da ya koma da shi gida Msinga bai wuce akwatin ƙarfe ba, da tari, da jita ɗaya.

Amma jitar fa! A 1974 ya saye ta a hannun wani mai gwanjo, tsirara, ko ɗigon ado babu. Shi ya tufatar da ita. Ya manna mata gutsattsarin madubi da jan gilashin bayan keke, ya kafa mata marafan kwalba masu kacau-kacau, ya rataya mata gashin wutsiyar saniya a wuya. Da ita ya tsare MaNtuli a hanyar rafi wata bakwai, yana kaɗa waƙa guda ɗaya tak, har ta gaji ta saƙa wa jitar ɗamarar duwatsun ado fari da shuɗi, ta aure shi. Da bakinta take cewa don ya yi shiru ta yarda. Bai yi ba.

Ɗansu Thulasizwe da kunyar abin ya tashi. Kiɗan 'yan dako ne, in ji shi, na waɗanda ba su san ƙofar aji ba. Sai ga shi ya zama lauya, ya gina gida mai kallon teku a Umhlanga, ya ga masu kuɗi suna rataye tsofaffin jitocin ƙauye a bango. Nan take ƙauna ta faɗo masa rana tsaka. Ashirin da uku ya tara, ko ɗaya bai iya kaɗawa ba. Bayan jana'izar uwarsa ya ɗauki ta uban, wai za a ɗan gyara ta.

Shekara ta zagayo, aka sa ranar Asabar ta buɗe dutsen kabarin MaNtuli. Dangi za su taru, a yaye mayafi daga kan dutsen, kowa ya yi mata magana, don matattunmu suna ji, kuma suna gane muryar nasu. Velaphi ba gwanin magana ba ne. Abu ɗaya yake so: ya tsaya a kanta ya kaɗa mata waƙar rafin nan, ta san shi ne ya zo.

Ranar Laraba ya shiga motar haya zuwa Umhlanga, awa huɗu gwiwarsa na dukan kujerar gaba.

"Baba!" in ji Thulasizwe a bakin ƙofa. "Ai da ka buga waya na aiko direba."

"Ba kai na zo gani ba. Ina kayana?"

Aka shigar da shi falo. Ga su nan jere a farin bango, kowace da 'yar fitilarta a ka, shiru kamar asibiti. Tasa ce a tsakiya, amma sai da ya duba sau biyu. Tana sheƙi. Ramin nan da farcen babban yatsansa ya shekara hamsin yana haƙawa a ƙasan tsirkiya, an cike shi, an shafe da man ƙyalli. Ya miƙa hannu zai sauke ta, ta ƙi. An ɗaure bayanta da bango da kusoshi biyu. Ya taɓa tsirkiya, sako-sako kamar igiyar shanya. Ya kama kunnen da ake murɗawa, ko motsi.

"Me ya sami kunnuwanta?"

"Gam aka sa, Baba. Mai gyaran ya ce in tsirkiya ta ja, wuyan zai tsage. Itacen ya tsufa."

"Ni ma na tsufa. Kira shi ya zuba mini gam a baki, ka kafe ni kusa da ita, ka kunna mini fitila."

"Haba, Baba. Yanzu fa za ta shekara ɗari ba abin da zai same ta. Baƙi har hoto suke ɗauka da ita."

"Asabar nake nema, yaro, ba shekara ɗari ba."

Lauya dai ba ya rasa mafita. Kafin la'asar ya kai uban kanti, ya saya masa sabuwa fil, wadda ta fi kowace tsada. Velaphi ya rungumo ta a mota har Msinga kamar wanda aka ba ajiyar jaririn wasu.

Ranar Asabar aka yanka saniya, giyar dawa ta cika tukwane. Ntombizodwa, ƙanwar marigayiya, wadda bakinta bai taɓa hutawa a kan sibalinta, wato mijin yayarta, ba, ta ƙare wa jitar kallo.

"Sibali, ina 'yar ƙyale-ƙyalen? Wannan kuwa ai ta 'yan coci ce."

Aka yaye mayafi, Velaphi ya matsa gaban dutsen, ya fara. Sautin ya fito garau, zaƙi kamar zuma, babu kacau-kacau, babu wannan 'yar shaƙewar da tsohuwar take yi in an hau sama. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Kai, Sibali, ashe ka iya!" in ji Ntombizodwa da ƙarfi. "Shekara hamsin muna zagin hannunka, ashe laifin katako ne!"

Aka tuntsire da dariya. Daga nan waƙar ta kawo inda makaɗi ke sassauta hannu ya yi kirari, ya faɗi sunansa da na ubansa, da kogin da yake sha, da dutsen da ya haife shi. Kowa ya zuba masa ido. Velaphi ya buɗe baki, ya kalli sunan matarsa a jikin dutsen, ya rufe. Yatsunsa suka tsaya.

"Ci gaba mana, Baba," in ji Thulasizwe, waya a sama yana ɗauka.

"Ba ta san wannan muryar ba," in ji tsohon. "Ca za ta yi wani baƙo ne ya zo mata da sunana."

Ya kwantar da jitar a kan ciyawa, ya juya, ya nufi inuwar da tsofaffi ke zaune. Thulasizwe ya yi maza ya ɗauke ta, yana goge ƙasar da hannun rigarsa.