Kwana Ya Ƙare

Shekarar da Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, daga asibitin Bukkuyum aka tura mu birni, aka sa ta a ɗakin nan na masu ciwo mai tsanani, inda ba a barin ɗan jinya ya zauna. Likita ya ce hawan jini ne, sai mu yi ta addu'a ta farfaɗo. Mu uku muka biyo ta daga Adabka: ni, da yayana, da Gwaggo, ƙanwar Baba. Muka shimfiɗa tabarma a baranda, cikin sauran masu jira, kowa da butarsa da kwanonsa.

Ban san barci mugun abu ba ne sai a barandar nan. Dole wani ya zauna ido biyu, don ko yaushe nas tana iya leƙowa ta kira 'yan uwan gado kaza, a je a sayo magani. Sai muka raba aiki. Rabon bai yi amfani ba, don da dare fargaba ta hana kowa runtsawa, da rana kuma sai ka ga manyan mutane suna gyangyaɗi kamar kaji. Yayana ya taɓa yin barci a tsaye a layin magani, har na bayansa suka wuce shi. Akwai wani dattijo daga Gummi da ya yi sujada a sallar la'asar, bai ɗago ba sai da aka taɓa shi.

Gwaggo kuwa ba ta taɓa yarda ta yi barci ba. Mu a gida ba mu cika cewa barci ba, kwana muke cewa. Za ka ga carbi ya zame daga hannunta, baki a buɗe, amma da ka taɓa ta sai ta ce, "Ni ba kwana nikai ba, tasbihi nikai." Na ce mata, "Gwaggo, tasbihin nan naki har da minshari?" Ta kai mini duka da mahuci.

Muna dariya, amma tsoro ne fal cikina. Duk lokacin da ƙofar ɗakin ta buɗe sai in miƙe zumbur.

Wata rana bayan azahar, lokacin da ake barin mutum ɗaya ya shiga ya duba, Gwaggo ta shiga. Ni kuma na ce bari in ɗan jingina da bango. Ban san inda nake ba sai da na ji ana girgiza ni, Gwaggo a kaina, idonta sharkaf da hawaye.

"Tashi, ɗiyag ga, kwana ya ƙare."

Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi da wannan magana a ƙofar irin ɗakin nan. Na ɗora hannu a ka, na fara salati. Yayana ya zabura daga tabarma yana laluben waya zai kira Baba. Matan da ke kusa suka matso suna ba ni haƙuri, dattijon Gummi har ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Gwaggo ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wai mi ya hwaru? Wa yac ce maku ta rasu? Kwananki nika nuhi, sakarya. Innarki ta buɗe ido, ke taka nema."

Ashe tashina ta yi irin yadda take tashinmu da asuba tun muna yara. Baranda ta ɗauki dariya, wasu suna share hawaye. Ni dai na miƙe na nufi ƙofar ɗakin.

Na shiga na sami Inna da robar iska a hanci, ta rame, bakinta ya ɗan karkace. Na durƙusa na riƙe hannunta. Ta daɗe tana duban fuskata, idona jajir, ɗankwalina a karkace. Sai ta motsa baki, na kai kunnena.

"Tahi ki yi kwana," in ji ta. "Ni na yi nau."