Ƙulli Bakwai a Igiya

Ƙanena ya cuce ni, kuma da takarda ya yi. Ya rasu, na yi masa addu'a, amma ban ce na manta ba.

Lokacin yana komi a biro, wato ofishin kumandan na Magarya, mai rubuta wa Nasara takardu. Ni ina Bande, mijina na raye, ƴaƴa uku na binne, ɗakina shiru. Da matarsa ta zo haihuwar fari ni na je na zauna da ita. Ranar Cika-ciki ce, ana tsakiyar kaka, tuwo na kan wuta naƙuda ta taso. Hannuna yarinyar ta faɗo, ni na yanke cibi. Aka sa mata sunan mahaifiyarmu, shi ya sa ban taɓa kiran ta da komai ba sai Inna.

Ranar suna, gaban dangi, ƙanena ya ce, "Yaya, wannan taki ce. Ranar da ta cika bakwai ki zo ki ɗauki abarki." Ba baƙon abu ba ne, gwaggo ke riƙon ƴar ƙanenta tun kaka da kakanni. Na koma gida na sami igiyar rama na rataye. Duk Cika-ciki in ƙulla ƙulli ɗaya, in dafa abinci in aika mata da shi.

Ƙulli na bakwai ya faɗo cikin damina, ana maimai. Ban yi mamaki ba, ai haka wata yake zagawa, azumi ma yakan zo da zafi ya zo da ɗari. Rumbu ya kusa ƙasa a lokacin, amma na ɗebo gero na jiƙa na yi waina, na yi dambun zogale, na yanka zabi biyu cikin ukun da nake da su na soya da man gyaɗa. Zane kuwa tun rani na fara shi. Ni na gurje audugar, ni na kaɗa zaren, na kai masaƙi, na tsaya kan marini har ya yi baƙi yadda nake so. Na saƙa mata ƴar tabarmar kaba daidai tsawonta, na shafe gefen ɗakina da sabon yumɓu inda za ta kwanta. Na bar gonata cikin ciyawa, na ɗora kaya kan jaki.

Na isa bayan azahar. Ƙanena na zaure da abokan aikinsa uku, kowa da wandon Nasara. Inna ta sheƙo ta rungume ƙafata, tana shinshina ƙwarya tana cewa, "Gwaggo, zabo ne?"

"Zabo ne, Inna. Ci ki ƙoshi, gobe sai Bande."

Ƙanena ya ɗago kai. "Bande kuma, Yaya? Yin me?"

"Yau ta cika bakwai. Ko ka manta bakinka?" Na ciro igiyar na miƙa masa.

Ya riƙe ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya juya wa abokansa. "Ku ga rajistar gidanmu." Suka kwashe da dariya. Ɗaya, mai gilashi, ya ce, "Madam, ina hatimin kumandan a jiki?"

Na ce, "Hatimin yana hannuna, ɗan nan. Da shi na tare ta ranar da ta faɗo. Kumandanka yana ina?"

Ƙanena ya tashi ya nuna wata takarda mai gidaje-gidaje rataye a bango. Kalandiriye, in ji shi, lissafin kwanakin Nasara. Ya ce shekararsu ta fi tamu tsawo da kwana goma sha ɗaya, a wurinsu yarinya ba za ta cika bakwai ba sai kaka, saura wata biyu da rabi. Ranar ma zai yi mata fet, wato biki irin na ƴaƴan kumandan, in ina so in zo in taya girki.

"To, in dawo da kaka in ɗauke ta?"

Ya shiga murza igiyata. Mai gilashin ne ya amsa a madadinsa. "Kafin nan an buɗe lakwal, madam, makarantar Nasara. Sunanta na cikin takarda tun bara. Wanda ya shiga takarda ba ya fita."

Tun bara. Wato bara da na aiko da waina ya ci ya lashe hannu, ya riga ya gama da ni. Da ya ce mini, Yaya, na fasa, ina son ƴata ta yi karatu, da na yi kuka na haƙura. Karatu ba laifi ba ne, ni ma daga baya na zauna ajin manya da furfurata har na iya wannan da nake rubutawa. Abin da ban yafe ba, ya ɓuya bayan takardar da ya san ba na iya karantawa, ya mai da ni wawiya a zaurensa. Kuma suka ci zabin. Ina tsakar gida ina jin su suna yabon yaji.

Matarsa ba ta iya haɗa ido da ni ba. Na ɗaura wa Inna zanen, ya yi mata daidai, tana juyi tana tambaya ko a Bande akwai ƴan awaki. Na ce akwai. Ban iya faɗa mata sauran ba.

Da asuba ya tafi masallaci. Na shimfiɗa ƴar tabarmar kusa da Inna tana barci, na shiga zaure na sauke kalandiriyen daga ƙusa, na rataye igiyata a wurinsa. Na naɗe takardar na soke a ƙuguna, na kwance jakina. Ban san ko harafi ɗaya a cikinta ba, amma na rantse sai na sami mai koya mini abin da aka cuce ni da shi.