Sista Cokali, Mai Tsare Kuloli a Baranda

Kafin ta gaisa da likita, Sista Cokali takan tsaya a ƙofar ɗakin masu laulayi ta ja hanci. In ta ji turare, mai shi ya koma waje. In ta hango kular abinci, kular ta zauna a baranda. Shekara da shekaru haka take buɗe aikinta, da ƙaramin cokalin shayi a aljihun farar riga. Wannan watan za ta ajiye aiki, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Ku tambayi matar tela. Ta daɗe tana neman haihuwa, da cikin ya zo kuma sai ya zo da amai ba ƙaƙƙautawa. Ko ruwa ba ya zama. Kullum aka ɗora ta a sikeli sai a ga ta ragu, har likita ya ce in aka ci gaba a haka, dole a haƙura da cikin don a ceci uwar.

Surukarta kuwa ta iso da kuloli uku, tururi na tashi. Ƙauna ce, amma irin mai sa mara lafiya neman robar amai. Sista ta tare ƙofa.

"Haba Sista, mu ba mu yi ciki ba ne?" in ji tsohuwar. "Shagwaɓa ce kawai. Ta daure ta ci!"

"Mama, zauna ki ji," Sista ta ce, ta jawo mata kujera. "Akwai wani furotin, dangin masu kula da girman ƙwayoyin jiki. Mabiyiya ce ke zubo shi cikin jini, ya kai ƙwaƙwalwa, ya toshe sha'awar abinci, ya tayar da zuciya. Kowace mai ciki tana da shi, amma wata jikinta ba ya iya ɗauka. Yarinyar nan ba girkinki take ƙi ba. Jikinta ne ya koma cin kansa."

Tsohuwa ta ce, "To ni me zan yi mata?"

"Ki wanke turaren nan, ki zo ki riƙe mata hannu."

Likita ya rubuta ƙarin ruwa da maganin amai. Sauran aikin na cokali ne. Abu mai sanyi, mara ƙamshi, kaɗan a baki, sai a jira. Na farko ya dawo. Sista ta goge, ta ce, "Ba komai 'yata, ba gudu muke ba." Ta sake miƙa wani. A hankali cokali ya fara zama, sikeli ya daina sauka.

Wata safiya sai ga muryar matar tela daga gadon ƙarshe: "Sista, yunwa nake ji."

Ɗaki ya kaure da tafi. Suruka ta zabura baranda za ta ɗauko kula, Sista ta cafko gyalenta tana dariya da hawaye: "Mama, a hankali dai!"

Ke ce, Sista. Ke ce kika tsaya tsakanin mata da zargin lalaci, kika sha harara da baƙar magana a bakin ƙofa ba ki matsa ba. Jaruma mai ƙaramin makami, mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa a wannan aiki, ku koyi haƙurinta. 'Yan dubiya, ku daina cewa a daure.

Ranar bikin sallamar Sista, matar tela ta zo, da yaro ɓulɓul a hannu. Bayanta suruka ce riƙe da kula, ta tsaya a baranda da kanta, ba wanda ya ce mata ta tsaya.

Sista ta buɗe ƙofa har bango, ta ce, "Mama, yau kam shigo da ita."