Babur Ɗin Ƙanƙara da Baƙaƙen Buhuna

Makka

Ana kiran assalatu na fito daga ɗakinmu da ke unguwar Mansur, riƙe da akwatin sifanu da wata rigar sanyi ta aro. Masu koko da ƙosai ba su ma kunna wuta ba. Malam Idi, mutumin Damagaram da muke ɗaki ɗaya, ya rako ni bakin titi yana maimaita abin da ya wuni yana faɗa mini jiya.

"Sabi'u, ka buɗe ido. Mutumin nan ba ka san shi ba, kayan ba ka gan su ba. In aka kama wani abu a motar, babu mai tambayar wane ne makanike."

Ga 'yan'uwa na gida da ba su san sana'ata a nan ba, ina gyaran dabbab ne, wato babur mai ƙafa huɗu da samari ke haya suna wasa da shi a rairayin bayan gari. Kafilina, mai garejin da nake aiki, shi ya kira ni ya ce wani abokin cinikinsa zai tafi da ni Tabuka, akwai injin da zan daidaita wa shakazoba. Na ce wane irin inji? Ya ce in na je na gani.

Mutumin ya iso muna sallame sallah. Ana kiransa Abu Rayyan, haifaffen Makka ne, kakanninsa ne suka zo daga ƙasar Katsina. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya zo da a-kori-kura tana jan ƙaramar tirela da aka lulluɓe da tamfol, an ɗaɗɗaure ta tam. Na miƙa hannu zan ɗaga gefen tamfol ɗin.

"Ba'adain, Usta," in ji shi, wato sai an jima, makanike. "Yalla, mu tafi, lokaci."

Hanyar Madina

Mun wuce Jumum gari na wayewa. A nan na fara lura da wata farar mota mai baƙin gilashi a madubi. In mun rage gudu ta rage, in mun ƙara ta ƙara. Da muka tsaya a wani gidan mai don karyawa, ita ma ta tsaya can gefe, ƙarƙashin inuwa, babu wanda ya fito. Abu Rayyan ya sayo gurasar tamis da dafaffen wake da suke kira ful, da shayi, ya ajiye mini nawa, ya ɗauki leda ta biyu ya nufi motar. Gilashi ya sauka kaɗan, iya shigar leda, ya sake hawa.

Da ya dawo na ce, "Tare muke da su ne?"

"Jama'a ne," ya ce, ya tura mini ful.

Wayarsa kuwa ba ta huta ba. Ya duba, ya kashe, ya kifa ta a cinya. Sau ɗaya ya ɗauka, na ji ya ce da Larabci yana Jidda wajen aiki. A lokacin mun yi nisa a hanyar Madina, Jidda tana can bayanmu.

Madina

Bayan azahar muka hango garin Manzo. Na gyara zama ina shirin ziyara, sai na ga ya kama hanyar da ke kewaye gari. Na ce, "Alhaji, ba za mu shiga mu yi gaisuwa ba?" Ya ce a dawowa, in sha Allahu. Na yi salati daga cikin mota, amma raina ya ƙara ɓaci. Wane irin sauri ne zai hana mutum tsayawa a Madina?

A wani wurin hutawa da ke gaba muka yi sallah. Iska ta kwance igiya ɗaya ta tamfol, shi kuma yana bayi, sai na zagaya in ɗaure. Na leƙa. Inji ne mai kama da babur, amma babu taya ko ɗaya. A gaba wasu dogayen takalma biyu ne kamar allon zamiya, a baya kuma bel mai faɗi mai haƙora irin na katafila. Babur ɗin ƙanƙara ne, irin wanda nake gani a waya Turawa na gudu da shi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne buhuna huɗu da aka cusa a gefensa, an naɗe kowanne da baƙar leda, an bi shi da salatif kamar ba za a taɓa kwancewa ba. Na danna ɗaya da yatsa, na ji gari-gari a ciki.

"Usta!"

Yana tsaye a bayana, hannunsa na ɗigar ruwa.

Na ce, "Mene ne a cikin waɗannan?"

"Na aikinka ne. In mun je za ka gani. Kar ka taɓa, an auna su."

An auna su. Na ɗaure igiyar, muka kama hanya.

Taima

Da la'asar sakaliya muka tarar da shingen bincike kafin Taima. Sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, ni kuwa gumi nake. Jami'in ya karɓi iƙamata, wato katin izinin zamana, ya duba, ya zagaya baya ya ce a ɗaga tamfol. Na tuna matata da 'ya'yana a Gusau, na tuna hukuncin da ake yi wa masu safarar ƙwaya a ƙasar nan.

Sai na ji dariya. Jami'in ya kira abokin aikinsa su zo su ga abin mamaki, suna tambayar ko a kan rairayi ma yana tafiya. Hankalinsu duk ya tafi kan injin. Suka mayar da tamfol, suka ce Allah ya kiyaye hanya. Farar motar ta biyo bayanmu, ita ma aka sallame ta.

Abu Rayyan ya kalle ni. "Lafiya? Ka yi fari fat."

Na ce sanyi ne.

Tabuka

Mun sauka a wani masauki a bakin gari. Ya kama mini ɗakina daban, ya aiko mini da shinkafa da kaza, ya tura mini hotunan yadda ake daidaita injin a waya, ya ce in yi nazari, gobe da asuba za mu hau dutsen Lauz tun dusar ƙanƙarar ba ta narke ba. Na kalli hotunan. Sifirin sifirin ne, shakazoba shakazoba ce, na gane kan abin. Amma na riga na yanke shawara: ba zan sake shiga motar nan ba sai na ga abin da ke cikin buhunan. In abin da nake tsoro ne, tashar bas zan nufa da kayana.

Ana idar da sallar asuba na riga shi fita. Na ɗaga tamfol, na zaro wuƙar yankan waya, na farke buhu na farko. Rairayi ya zubo. Jan rairayi, irin na bayan Muzdalifa. Na ce a raina ai ba a sama ake ɓoyewa ba. Na zazzage shi kaf a ƙasa, na tona da hannu. Babu komai. Na farke na biyu, na uku, na huɗu. Ina durƙushe cikin tulin ƙasa har gwiwar hannu ya iske ni.

"La haula! Usta, me ka yi? Esh hada? Kwana na yi ina aunawa!"

Na miƙe, wuƙar na hannuna. Na ce, "Alhaji, ni baƙo ne a ƙasar nan. Ka ɗauko ni da kayan da ka hana ni gani, mota na bin mu, kana cewa a waya kana Jidda. Ko ka gaya mini gaskiya yanzu, ko in koma."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ƙofar farar motar ta buɗe. Wata mata ta fito daga mazaunin direba, ta zagaya ta kamo hannun wata tsohuwa mai jiki, ta sauko da ita a hankali tana dogara sanda. Tsohuwar ta dubi ƙasar da na zubar, ta dube ni, ta yi magana da wata irin tsohuwar Hausa garau da ban zaci ji a Tabuka ba.

"Bar shi, Abdullahi. Ɗan mutane ya yi daidai. Ɗan nan, nauyina ne ka zubar a ƙasa."

Mahaifiyar Abu Rayyan ce, Abdullahi ne sunansa na yanka, mai tuƙin kuma ƙanwarsa Nawal. A tsaye a wurin, cikin sanyi, Hajiya ta warware mini komai. A unguwar Misfala aka haife ta, a zafin Makka ta tsufa tana sayar da abinci ga alhazai. Bara aka yi mata aiki a gadon baya aka sa ƙarfe, yanzu kuma ido ya fara tafiya. Ta ce tana son ta ga dusar ƙanƙara, ta shiga cikinta, tun tana iya bambance fari da baƙi. Manyan 'ya'yanta suka ce atafau ba za ta je ba. Abu Rayyan, wanda ya sayi injin na hannu don ya riƙa ba da haya a lokacin sanyi, shi ya sato ta. Rairayin kuma ya auna daidai nauyinta ne, don in gwada injin da shi kafin ta hau.

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini tun a Makka?"

"Kai ɗan Mansur ne," in ji shi. "In ka faɗa wa mutum ɗaya da safe, kafin azahar yayana ya tare mu a hanya. Kuma nauyin Ummi zan faɗa wa ƙato?"

Hajiya ta ce, "Ai yanzu ya sani."

Dutsen Lauz

Hanya ce mai hawa da kwana-kwana. Rana ta ɗago muka fara ganin fari a kan duwatsu, kamar an barbaɗa gishiri. Muka sami wani kwari da dusar ta taru sosai, ta wuce idon sawu. Muka sauke injin, na tayar da shi, na fara hawa ni kaɗai.

Da Hajiya ta hau shi a haka, da an koma asibiti. Kan injin yana da nauyi kamar an ɗaure shi, kuma yana fizga hagu da dama da kansa. Bayan kuwa kowane dutse ya taka sai na ji shi a ƙuguna. Wanda ya sayar masa ɗan tsere ne, ya ɗaure komai tamau.

Na fara da gaba. Na ɗaura igiya na gwada tsakanin takalman biyu, na tarar bakinsu ya matse ciki, shi ke kawo fizgar. Na sassauta noti na buɗe su ɗan kaɗan. Na kwance sifirin ɗin gaba, ina juya na dama da na hagu daidai wa daida. Sannan na kwanta a ƙasa na leƙa cikin bel. Akwai wani maɗauri da ke janye gaban bel ɗin sama, an matse shi har nauyin injin duka ya koma kan takalman. Na ƙara masa rami ɗaya. Na sake hawa, kan ya yi sauƙi, amma a kwana sai ya ɗan ƙi juyawa, yana son zarcewa. Na mayar wa sifirin ɗin gaba kaɗan daga abin da na rage, ya zauna.

Saura baya, kuma awo yana can zube a Tabuka. Abu Rayyan ya ce in sassauta shi har ƙarshe don ya yi laushi. Na ce a'a, in ya yi laushi da yawa, da zarar mutum biyu sun hau zai zauna a kan ƙarfe, rami na farko bayanta zai sha dukan. Dole ta hau in gani.

Na ɗaga bayan injin na sake, na kafa sanda na yi alama. Nawal ta shimfiɗa bargo, ita da yayanta suka ɗora Hajiya, shi ya zauna a gaba. Bayan ya nutse sosai. Suka sauke ta, na ƙara wa sifirin ƙarfi mataki ɗaya, suka sake ɗora ta. Sau uku muna haka, yatsuna sun daina jin sifana. A na ƙarshe ya sauka kamar faɗin tafin hannu ya tsaya, da sauran wurin lilo a ƙasa.

"Hajiya, in kin ji ko ɗis a bayanki, ki daki kafaɗarsa."

"Tun yana yaro nake dukanta," ta ce.

Suka tafi a hankali, ina bin su da sassarfa ina kallon bayan injin yana lilo a kan duwatsu, kafaɗunta ba su girgiza ba. Suka kai ƙarshen kwarin suka juyo, kan ya bi hannunsa salin-alin. Da suka tsaya ta cire safar hannu, ta sunkuya ta damƙo dusar, ta kai ta dab da idonta ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe sanyi ma yana ƙuna." Nawal ta juya baya tana share fuska. Hajiya ta ce a sake zagayawa.

Kafin azahar ƙasa ta fara leƙowa ta cikin farin. Muka ɗora injin muka sauko.

Komowa

A dawowa tare muka riƙa cin abinci, kuma mun kwana a Madina mun yi ziyara. Washegari da yamma muka shigo Makka. Abu Rayyan ya roƙe ni, in an tambaye ni, in ce kallo kawai ta yi daga cikin mota. Na ce ni dai ba zan fara magana ba.

A ƙofar gidansu a Misfala wani dattijo mai furfura yana tsaye, hannuwa a baya. Babban yayansu ne. Bai kalli ƙaninsa ba, ni ya nufo.

"Kai ne makaniken? Gaya mini tsakaninka da Allah, ta hau abin nan?"

Sai Hajiya ta sauko daga mota, ta miƙa wa Nawal sandar, ta tako ita kaɗai har gabansa.

"Na hau. Sau biyu. Matsa in wuce."

Ya matsa.

Na iso Mansur ana kiran magariba, na cire rigar aro tun a bakin titi don zafi. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hajiya da addu'ar da ta yi mini a ƙofar gida. Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar mata sauran ganinta.