Ranar da Na Tsaya Gaban Wuƙar Kawu

Ni fa ba littafin shanu na je nema ba. Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Sokodé, hutu ya zo, kuma gobe zan tafi Dapaong wurin kawuna. Abin da nake so labarin soyayya ne mai kauri, wanda zai cinye mini hanya. Shi ya sa na taka daga unguwarmu Didaouré zuwa ɗakin karatu na gari da rana tsaka.

Matar da ke kula da wurin, Madam muke ce mata, tana da wata ɗabi'a mai ban haushi. In ka zaɓi littafi ɗaya, sai ta ɗora maka na biyu da hannunta, kuma sai ta tambaye ka labarinsa in ka dawo. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ba kin ce kawunki mahauci ne ba?"

"E, Madam."

Ta miƙo mini wani siririn littafi na Faransanci, bangonsa ya sha hannu, kan cututtukan shanu. Wallahi kamar in ajiye mata abinta. Ina ruwana da zawon maraƙi? Amma tsoron tambayarta ya sa na karanta shi a mota, muna wuce Kara ina yatsina fuska saboda hotunan ciki.

Kwana biyar da isata, da hantsi, na ji ihu a bayan gida. Dama kwanakin baya Kawu ya sayo wani bijimi a kasuwar Gando, fari, ƙato, yana ta alfahari da shi. Na fito na tarar bijimin a ƙasa yana makyarkyata, numfashinsa sama-sama. Maza uku sun danne shi, Kawu yana wasa wuƙa a kan dutse da sauri.

Duk wanda ya tashi a gidan fawa ya san dalilin saurin. Dabba in ta faɗi, a yanka ta kafin rai ya fita, in ba haka ba ta zama mushe, an yi asara. Kafin azahar naman zai kasance a tebur a kasuwa, saura a tukwanenmu.

Sai na ga hancinsa. Jini ne ke fita, baƙi ƙirin, kuma ta bayansa ma haka. Ya zuba a ƙasa ya ƙi daskarewa. Hoton nan na gan shi a littafin nan a mota.

"Kawu, kada ku yanka!"

Ko kallona bai yi ba. "Koma ciki."

"Ciwon saifa ne. In kun buɗe shi, duk wanda ya taɓa jinin, duk wanda ya ci naman…"

"Ke! Tun uwarki tana goye nake riƙe da wuƙa. Matsa!"

Ban san lokacin da na shiga tsakaninsa da wuyan bijimin ba. Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Alhaji, rai fa yana fita." Wani ya yi dariya, wai 'yar lise ta zo koya wa mahauta fawa. Matar Kawu ta ja ni ta zane, na fizge. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Kawu ba, ran nan na kalle shi ina kuka, na ce a kira likitan dabbobi, in ƙarya nake a yi mini duk abin da aka ga dama.

Tsoro nake ji ta ko'ina. In na yi kuskure, na jawo masa asarar bijimi guda saboda wani hoto, kuma da wane ido zan koma wurin innata?

Muna cikin haka bijimin ya miƙe ƙafafu, ya yi shiru. Ya zama mushe. Kawu ya ajiye wuƙar a hankali. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Likitan ya zo kan babur bayan la'asar. Ya tsaya nesa, ya duba, ya sa safar hannu, ya hana kowa matsowa. Ya ce a haƙa rami mai zurfi a ƙone mushen a ciki, ko fatar kada a cire. Mazan da suka danne bijimin suka ruga neman sabulu.

Ina wanke kwanuka Kawu ya zo ya tsaya a kaina. Na ce a raina yau na shiga uku.

"Littafin nan naki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ya faɗi yadda abin yake a jikin mutum?"

"Ya faɗa, Kawu."

"Ranar da na sayo shi, wata saniya ta faɗi a garken da ya fito. Ni na taya su fiɗa."

Ya naɗe hannun rigarsa. A damtsensa akwai wani ƙurji, gefensa ya kumbura, tsakiyarsa baƙi.

"Ba ya ciwo," ya ce. "Ƙaiƙayi kawai."

Haka littafin ya ce, ba ya ciwo. Kwanon ya suɓuce daga hannuna.

"Kawu, ku sa takalmi. Asibiti za mu, yanzu."

Bai ce mini in matsa ba. Ya sunkuya yana laluben takalminsa.