Itacen da Baba Ya Ɗinka Mini

Ranar wata Asabar, sati biyu bayan ƙaramar sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, malamarmu Abla Nura ta zana ƙaton itace a allo. Ta ce kowace yarinya ta yo irinsa daga gida, ta rubuta sunan ubanta da kakanninta a ganyaye, domin kowa ta san ko ita wace ce. Ni da zumuɗi ya yi wa yawa, ban tsaya 'yar gala-gala a lungunmu na Karantina ba, na bar jarkokinmu a layin ruwa, na kwanta rub da ciki na zana itacen a kwali, na rangaɗa sunan Baba, Isiyaku, a ganyen tsakiya.

Umma na gani ta fizge kwalin ta yayyaga. Ranar na ji abin da duk lungu ya sani ban da ni. Baba da bizar umra ya shigo ƙasa mai tsarki daga Najeriya ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma 'yar marar iƙama ba ta shiga makarantar gwamnati. Shi ya sa tun ina jaririya aka sa ni a takardar maƙwabcinmu, Alhaji Sabo direba, a matsayin 'yarsa. Na sha jin ana kirana Rabi Sabo a aji, ni wawiya na ɗauka sunan gidan hayarmu ne. "Ki rubuta Isiyaku, halas, magana ta ƙare, a kore ki, a zo a kwashe ubanki," in ji Umma.

Baba tela ne. Ya zura takalmi ya je gidan Alhaji Sabo ya tambayo sunan ubansa da kakansa. Ya dawo ya yanka ganyaye daga ragowar koren yadi, ya hau keken ɗinki, ya ɗinka sunayen mutanen da ba nasa ba da zare mai ruwan zinariya, harafi bayan harafi. "Yalla, maza kai musu, babu mai fin ki," ya ce.

Ni na zo ta ɗaya, aka rataye itacen a ƙofar shugabar makaranta. Abla Nura ta shafa ɗinkin ta tambayi wanda ya yi shi. Na ce, "Telan unguwarmu ne." Har tafi aka yi mini.

Bayan shekara uku aka kama Baba a shago, aka mayar da shi Najeriya. Can ya rasu, ban san hanyar kabarinsa ba.

Bana 'yata ta kawo irin aikin. Yanzu a kwamfuta suke yi, ba ƙyalle ba zare, minti biyar an gama. Na ba ta labarin Isiyaku kaf, ta saurara, sannan ta buga Sabo, don shi ke cikin takardarmu. Ban hana ta ba. Amma kalmar nan da na faɗa a gaban aji, har yau ban yafe wa bakina ba.