Famfon Rugar Arɗo Jaɓɓi

Har gobe ba na manta ranar da na'ura ta fitar da lambar rugar Arɗo Jaɓɓi. Lokacin kuɗin mai ne, ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin kwamfuta na wata hukumar ruwa a Kaduna. Da yake ni ɗan Kankia ne, sai aka ba ni tsarin gyaran famfunan yankinmu.

Ga yadda abin yake, don ku yaran yanzu. Kowane famfo yana da gurbi guda a jere, wanda muke kira bit. In ya lalace a sa ɗaya, in an gyara a mayar sifiri. Cikin shirye-shiryen da suka zo da na'urar akwai wani ɗan umarni mai duba jeren daga farko, ya tsaya a ɗaya ta farko da ya gani. Can motar gyara za ta nufa, mota kuwa guda ce.

Da aka zo raba lambobi, sai aka bi girma, kamar zaman fada: manyan garuruwa a gaba, sannan ƙauyuka irin su Boko da Dudunni, rugage a ƙarshe. Famfunan gari kuwa ba sa hutawa, kullum akwai wanda ya karye. Na'ura ba ta taɓa kaiwa ƙarshen jere ba.

Na sami shugabana na ce, "Yallaɓai, a bar ni in sa ta riƙa ci gaba daga inda ta tsaya jiya."

Ya ce, "Kai ka fi waɗanda suka ƙera ta sani? Kuma ka je ka gaya wa hakimi ruga ta riga shi."

Raina ya ɓaci, amma na ci gaba da rubuta takardun neman a gyara tsarin, ba amsa.

Da na zo hutu, Arɗo ya tare ni a kasuwar Kankia. Rugarsa tana bayan Mawashi, famfonsu ya daɗe da lalacewa, shanunsa suna kwana biyu ba ruwa. Ya ce, "Ɗana, an ce kai ka magana da injin. Mi muka yi mashi?"

Na ce, "Baba, bai san ku ba ne."

Ya ce, "To ka hwaɗa mashi muna nan."

Sai da damina ta sauka, mutanen gari suka koma rijiyoyi, famfunansu suka huta, sannan lambarsa ta fito. Na roƙi izini na bi motar. Muka tarar da bukkoki sun zube, ga ƙasusuwan maruƙa kusa da famfon. Wani manomi ya ce Arɗo ya sayar da ragowar shanun, ya tashi tun bazara, ba wanda ya san inda ya nufa. Makanikai suka gyara famfon cikin ɗan lokaci, ruwa ya zubo, ba mai sha. Na juya baya na yi kuka.

Tun daga nan, duk tsarin da aka kawo mini, ba na fara tambayar wa zai fito farko. Tambayata ita ce wa ke ƙarshen jere, kuma yaushe za a kai gare shi. Da na koma Kaduna, da hannuna na mayar da gurbin Arɗo sifiri, na'ura ta rubuta cewa an biya masa buƙata.